SHARHI: Wa ke mulkin daren Kano?

Wanda ya fito daga cikin birni ta Ƙofar Ɗan Agundi, abubuwa uku ne za su tarbe shi cikin 'yar tazara kaɗan. Akwai tashar wutar lantarki ta Ɗan Agundi, wadda babban ɓangare na birnin ya dogara da ita. Akwai hedikwatar Hukumar Hisba a kan hanyar Sharaɗa. Sai kuma ita kanta Sharaɗa, rukunin masana'antun da a da ake jin rurin injinansu dare da rana, yau kuwa da yawa daga cikinsu ƙofa a garƙame, wasu an mai da su sito na kayan da aka shigo da su daga ƙetare. Waɗannan ukun, wato wuta da doka da aikin yi, su ne ke yanke yadda daren Kano yake kasancewa, kuma babu ɗaya a cikinsu da aka tsara shi da dare a zuciya.

A wasu biranen duniya, irin waɗannan kangwaye na masana'antu ne suka zama gidajen rawa da kiɗa, har suka koma hanyar samun kuɗin shiga. Matasanmu da ke bibiyar intanet sun san labarin Berlin, kuma akan ji wasu na tambayar me ya hana Sharaɗa ko Bompai bin wannan sahu. Wasu kuma da jin tambayar sai su nemi tsari da Allah. Duka ɓangarorin biyu sun tsallake batun da ya fi damun talakan Kano. Birnin yana da rayuwar dare mai faɗi, dubban mutane na cin abinci a cikinta, amma gwamnati ba ta taɓa zama ta tsara mata ƙa'ida bayyananniya ba. Abin da ake da shi shi ne samame, haramci, sai shiru, sai wani samamen. Wanda ke biyan kuɗin wannan rashin tsari kuwa shi ne wanda ba shi da katangar da zai ɓuya a bayanta.

Yadda kango ya zama kasuwa a Berlin

Kiɗan tekno, wanda ake haɗa shi da na'urori ba tare da makaɗa ba, an haife shi ne a birnin Detroit na Amurka a shekarun 1980, a hannun wasu matasa baƙaƙen fata uku: Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson. Detroit a lokacin birni ne da kamfanonin ƙera motoci ke gudu daga cikinsa. Yawan jama'arsa, wanda ya haura miliyan 1.8 a 1950, ya yi ta raguwa har ya koma ƙasa da 700,000, kuma a 2013 hukumar birnin ta ayyana cewa ta tsiyace.

Amma ba Detroit ce ta ci ribar kiɗan ba. Bayan rushewar katangar Berlin a 1989, gabashin birnin ya cika da gine-ginen da ba a san mai su ba. A 1991 aka buɗe gidan rawa na Tresor a cikin ma'ajiyar ƙarƙashin ƙasa ta wani tsohon kanti, daga baya ya koma wata tsohuwar tashar wuta. Berghain, wanda ya fi kowanne suna, an buɗe shi a 2004, shi ma a tsohuwar tashar makamashi. Wani bincike da ƙungiyar masu gidajen rawa ta birnin ta fitar ya nuna cewa a 2018 kaɗai baƙi kusan miliyan 3 ne suka je Berlin saboda waɗannan wurare, suka kashe kusan Yuro biliyan 1.5. A watan Maris na 2024 Jamus ta sanya al'adar tekno ta Berlin cikin jerin al'adun gado na ƙasa.

Abin da ya sa hakan ta yiwu ba kango kaɗai ba ne. Tun 1949 aka soke dokar lokacin rufe wuraren shaƙatawa a yammacin Berlin. Wuta ba ta ɗaukewa. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na zirga-zirga har wayewar gari a ƙarshen mako. Mai gidan rawa ya san takardun da ake bukata daga gare shi, ya san ofishin da zai je, ya san iyakar ƙarar da maƙwabta za su jure kafin hukuma ta shigo. Detroit kuwa, da dokarta ta rufe mashaya da ƙarfe 2 na dare da ƙarancin abin hawa na haya, ta zama mai noma wani na girbi.

Akwai kuma abin da masu yabon Berlin ba su cika faɗa ba. Gidajen rawa ba su dawo da ayyukan masana'antu ba. Sun ɗaga darajar unguwanni, haya ta yi tsada, har su kansu gidajen suka fara rufewa. Watergate, ɗaya daga cikin fitattunsu, ya rufe a ƙarshen 2024. Don haka ko a can ɗin, rawa ba ta maye gurbin masaƙa ba.

Kangon Kano ba na banza ba ne

Tarihin masana'antun Kano ya faro daga Bompai tun zamanin Turawa, sannan Sharaɗa da Challawa suka biyo baya lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara a shekarun 1970. Masaƙu irin su Gaskiya da Bagauda, da majemu, da kamfanonin robobi da na alewa da na man gyaɗa, sun ɗauki dubban ma'aikata, wasu na shiga aiki da dare wasu na fita. Wannan ma rayuwar dare ce, domin mai shayi da mai abinci da mai haya duk suna jiran tashin ma'aikatan.

Rushewar ta zo daki-daki. Shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986 ya karya darajar Naira, kayan gyaran injina suka yi tsada. Wutar lantarki ta ci gaba da taɓarɓarewa. A farkon 2005 aka kawo ƙarshen yarjejeniyar duniya da ke ƙayyade cinikin yadi, atamfar Sin ta mamaye Kantin Kwari. Sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, wanda ya miƙa KEDCO mai kula da Kano ga 'yan kasuwa, bai kawo sauƙin da aka yi alkawari ba. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa Naira 225 kan kowane kilowat na awa ɗaya, kuma a watan Oktoban shekarar Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mata wuta.

Saboda haka duk wanda ke mafarkin gidan kiɗa a Sharaɗa, sai ya fara lissafin man janareta kafin ya yi lissafin Hisba. Sannan kangon Kano, saɓanin na gabashin Berlin, yana da masu shi, kuma ƙasa a Kano zinariya ce. Masana'antar da ta daina saƙa ta fi kawo riba idan aka mai da ita sito ko aka yanka filinta aka sayar. Yaran da iyayensu suka yi aiki a waɗannan wurare su ne yanzu ke jan A Daidaita Sahu, ko sayar da kayan waya a Farm Centre, ko zaman majalisa a bakin titi har tsakar dare saboda ɗaki ya yi zafi kuma babu wuta.

Taswirar da Turawa suka zana

Raba daren Kano gida biyu ya girmi shari'ar 2000 nesa ba kusa ba. A da ƙofofin ganuwa, har da ta Ɗan Agundi, suna da sarakunan ƙofa da ke rufe su idan dare ya yi. Da Turawa suka zo, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai suka keɓe Sabon Gari domin baƙi daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Dokarsu ta hana sayar wa 'yan ƙasa Musulmi giyar Turawa a Arewa, amma ta bar ƙofa a unguwannin baƙi. Daga nan aka samu tsarin da har yau muke kai: birni na kunya da ibada, waje na abin da ba a faɗa.

Silima ta bi wannan layi. Gidan Rex, wanda aka buɗe a 1937, a waje yake. Gobarar gidan El-Duniya a 1951, wadda ta kashe mutum 331, mutane da yawa sun ɗauke ta a matsayin hukuncin Allah. Da aka gina Palace a cikin birni a farkon shekarun 1950, sai da aka yi ta-ta-ɓurza, kuma daga ƙarshe ginin ya koma asibiti.

Kuskure ne a ɗauka cewa cikin ganuwa ba shi da nasa daren. Dandali na 'yan mata da samari, tashe a watan azumi, zikirin 'yan ɗariƙa da bugun bandiri, majalisin mawaƙan bege, zaman makaɗa a gidan biki, hira a teburin mai shayi, duk da dare ake yin su, kuma da yawansu sun girmi Sabon Gari. Bahaushe ya ce dare mahutar bawa, amma bai taɓa cewa kowa barci yake yi a cikinsa ba.

Shekaru ashirin na haramci

Daga 2000 zuwa yau, kusan duk matakin da hukuma ta ɗauka kan daren Kano na hanawa ne. A ƙarshen 2000 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta dakatar da harkar fim da nuna shi, sannan ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. Gwamnatin Ibrahim Shekarau ta ba Hisba gindin doka a 2003, ta kuma faɗaɗa haramcin giya a 2004. A 2007, zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim a hukumar tacewa, an ɗaure Adam A. Zango saboda kundin waƙoƙinsa na bidiyo mai suna Bahaushiya. A 2016 aka soke shirin gina dandalin fim a Kofa bayan malamai sun yi masa ca.

Tsaro ya ƙara nasa. Hare-haren 20 ga Janairun 2012, waɗanda suka kashe aƙalla mutum 185, sun jefa birnin cikin dokar hana fita. A 2013 bama-bamai suka tashi sau biyu a Sabon Gari, a tashar New Road cikin Maris da kuma wuraren shaƙatawa cikin Yuli. A watan Janairun shekarar aka hana acaɓa bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A watan Yulin 2022 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta hana A Daidaita Sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. A 'yan shekarun nan kuma 'yan sanda sun sha dakatar da tashe saboda 'yan daba na fakewa da shi suna ƙwacen waya.

Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana da hujjarsa, wasu hujjojin ma masu ƙarfi ne. Sai dai idan aka tara su wuri guda, hoton da ke fitowa shi ne na birnin da ke amsa kowace matsalar dare da rufe ƙofa. An hana tashe, ba a kama 'yan daban da suka ɓata shi ba. An hana abin hawan talaka da dare, ba a tanadi motar da za ta maye gurbinsa ba, alhali ma'aikaciyar jinya da mai gadi da mai gashin burodi da mai naƙuda duk suna bukatar hanya a wannan lokaci.

Kwalaben giya da ake murƙushewa a bainar jama'a su ma suna da abin da suke faɗa. A 2013 Hisba ta fasa kwalabe 240,000. A farkon 2022 ta fasa kusan miliyan 4. Ana iya karanta wannan a matsayin ƙaruwar himma. Ana kuma iya karanta shi a matsayin shaida cewa bayan kusan shekara ashirin da haramci, kasuwar tana nan da ranta.

Dare biyu, doka ɗaya

Daren Kano na yau hawa-hawa ne. Mai hali yana da manyan otal da wuraren shaƙatawa na unguwannin masu kuɗi, yana da gidan da zai tara abokai a bayan doguwar katanga, yana da kuɗin jirgin Abuja ko Legas idan ƙarshen mako ya zo. Mai matsakaicin hali yana da zauren biki da DJ, da gidan cin abinci, da gidan kallon ƙwallo. Na ƙasa yana da gidan gala, inda 'yan mata da samari ke rawa da wasan kwaikwayo a kan dandamali, masu kallo na liƙa musu kuɗi. Ƙasa da wannan kuma sai lungu da kango, inda babu kiɗa babu lasisi, sai ƙwaya.

Samame ya fi sauka a hawa na uku. Dalili a fili yake: gidan gala a buɗe yake, masu shi ba su da lauya, 'yan matan da ke rawa a cikinsa da yawansu zawarawa ne ko waɗanda talauci ya koro daga gida. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ƙarƙashin Abba El-Mustapha ta soke lasisin gidajen gala takwas, ta kuma haramta bikin da ake kira ranar ƙauyawa. Ƙorafin da ake yi kan wasu daga cikin gidajen nan, na shigar da ƙananan yara da cin zarafin mata da shaye-shaye, ba abin wasa ba ne. To amma idan an rufe gida, ina mai rawar ke zuwa? Takan koma wata jihar ko wani wurin da ya fi wannan duhu, inda babu wanda zai tambayi shekarunta.

Hawa na huɗu shi ne ya fi kowanne haɗari, kuma shi ne samame ba ya iya rufewa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda aka fitar kan shekarar 2018, ya ƙiyasta cewa kashi 16 cikin 100 na mutanen Kano masu shekara 15 zuwa 64 na ta'ammali da ƙwayoyi, wato sama da mutum miliyan ɗaya. Rahoton BBC kan kodin, wanda ya sa gwamnatin tarayya ta haramta shi a watan Mayun 2018, an ɗauki wani sashe nasa a Kano. Waɗannan matasa ba a gidan rawa suka koyi sha ba.

Rikicin da ya tona asiri

Abin da ya faru a ƙarshen Fabrairun 2024 ya nuna girman giɓin. Gwamna Abba Kabir Yusuf, a gaban malamai a gidan gwamnati, ya soki yadda jami'an Hisba ke kamen mata da jefa su cikin mota yayin samame. Washegari, 1 ga Maris, Sheikh Aminu Ibrahim Daurawa ya sanar da ajiye muƙaminsa na babban kwamanda. Bayan 'yan kwanaki malamai suka shiga tsakani, ya koma kujerarsa.

An sasanta mutum biyu, ba a sasanta batun ba. Tambayoyin da rikicin ya tayar suna nan a buɗe. Yaushe jami'i ke da hurumin shiga otal ko gidan haya, kuma da wace takarda? Wa zai taɓa mace idan za a kama ta? Awa nawa za a riƙe mutum kafin a kai shi gaban alƙali? Me ya halatta a ɗauki fuskar wanda ake zargi a yaɗa a Facebook da TikTok kafin a yanke masa hukunci? Musulunci da kansa ya yi hani ga bin diddigin asirin mutane da shiga gida ba izini, kuma littattafan hisba na malaman farko sun bambance tsakanin ɓarnar da ta fito fili da wadda aka rufe wa ƙofa. Rubuta waɗannan iyakoki a fili zai kare jami'in Hisba kamar yadda zai kare wanda ya kama.

Ga kuma yawan masu iko. Gidan shaƙatawa ɗaya na iya samun baƙuncin Hisba, da hukumar tacewa, da hukumar yawon buɗe ido, da ƙaramar hukuma, da 'yan sanda, da NDLEA, kowa da nasa sharaɗin. Inda iko ya yi yawa kuma ƙa'ida ba ta fito fili ba, can ne na goro ke samun wurin zama, kuma mai iya bayarwa shi ke kwana lafiya.

Abin da Kano za ta iya ara

Babu mai hankalin da zai ce a kwaso Berghain a dasa a Sharaɗa. Mutanen Kano sun zaɓi shari'a da kansu, kuma mafi yawansu ba sa son giya da rawar cakuɗa a unguwanninsu. Abin arowa daga biranen Turai shi ne ɗaukar dare a matsayin wani sashe na mulki mai bukatar mai kula da shi. Amsterdam na da wanda ake kira magajin garin dare, Landan ta naɗa tata jami'ar a 2016. Aikinsu shi ne zama tsakanin masu sana'ar dare da maƙwabta da jami'an tsaro da hukumar sufuri. Ga birnin da ya san sarkin ƙofa da sarkin kasuwa da sarkin makaɗa, wannan ba baƙon tunani ba ne.

Majalisar dokokin jiha za ta iya fara da abu huɗu. Na farko, kundin ƙa'ida guda ɗaya na wuraren taruwar dare, wanda aka wallafa da Hausa, ya fayyace lokacin rufewa da shekarun shiga da abin da aka hana da hukuncin kowane laifi, da kuma inda mai gida zai ɗaukaka ƙara. Na biyu, ƙa'idar samame a rubuce. Na uku, sufurin dare mai rajista da fitilun titi a manyan hanyoyin da ma'aikatan dare ke bi. Na huɗu, ƙididdigar kangwayen Sharaɗa da Bompai da Challawa: wanne ke aiki, wanne ya zama sito, wanne ya zama maɓoya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora amanar filaye a wuyan gwamna, don haka yana da hurumin tambayar abin da ake yi da filin da aka bayar domin masana'anta.

Wanda zai iya komawa aiki a taimaka masa ya koma, domin babu abin da zai gyara daren Kano kamar matashin da ke da inda zai je da safe. Wanda ba zai tashi ba kuwa, zauren da ya ɗauki injin saƙa zai ɗauki filin dambe, ko gidan kallon ƙwallo mai tsaro, ko kasuwar abinci ta dare, ko ɗakin ɗaukar fim da waƙa, ko zauren majalisin bege, tare da sashen mata da na iyali. Duk waɗannan abubuwa ne da Kanawa ke yi tun tuni, a bakin titi da cikin duhu.

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma za a sake jin 'yan takara na alkawarin farfaɗo da masana'antu da gyaran tarbiyya. Matashin da zai kaɗa ƙuri'a yana da damar tambayar kowannensu abu ɗaya: tsakanin ƙarfe 10 na dare da kiran assalatu, me gwamnatinka ta tanadar wa wanda ba shi da mota, ba shi da janareta, ba shi da katanga?